Tsohon Raket Da Ke Bayan Adaka

 Zancenmu na wannan mako a kan wani abu ne da ba safai akan kawo shi a wannan fili ba, watau tsohon raket, abin nan da ake buga ƙwallon tanis da shi. Wadda ba ta san shi ba, ta tuna da abin kashe sauron nan na lantarki da ake sayarwa a kasuwa, gama siffar raket aka yi masa. Yana da kai kamar faifai, an saƙe tsakiyarsa da tsirkiya kamar rariya, sa'an nan ga ƙota ta riƙewa.

Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da kayan wasan Turawa? Ruwanta kuwa babba ne. Duk abin da ya tsufa a gida a hannun mace yake kwana. Ita ke kwashe ɗaki in salla ta gabato, ita ke fid da kaya shanya bayan damina, ita kuma 'yan jari-bola ke yi wa sallama da baronsu a ƙofar gida. Abin da ta ce a ajiye shi ne zai kai ga jikoki. Abin da ta ce a kawar kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka ya kamata uwargida ta san abin da ke hannunta kafin ta miƙa.

Bari in fara da yadda wannan abu ya shigo gidajenmu. A shekarar 1874 wani Bature, Manjo Wingfield, ya yi wa wasan rajista a Ingila. A 1877 aka fara babbar gasar nan ta Wimbledon, a 1884 kuma aka buɗe ta ga mata, wata Maud Watson ta ci, ta kuwa ci ne a kan 'yar'uwarta Lilian. Da Turawa suka zo ƙasar nan suka zo da wasansu, suna yi a kulob-kulob na bariki a Kano da Zariya da Kaduna. 'Yan ƙasa da suka yi Kwalejin Katsina sun fi shahara da wasan fayif, wanda ake bugawa da tafin hannu, har an san marigayi Sardauna da son sa ƙwarai. Amma sannu a hankali malaman makaranta da akawuna da soja da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kama tanis. A zamanin nan ƙasar Dutse tana cikin Lardin Kano, samarin Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu a can suke karatu da aiki, in sun tashi dawowa su dawo da adakarsu. Har wa yau da aka yi Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata da yawa sun kwaso kayansu daga Kano zuwa Dutse. To, cikin irin wannan kaya ne ake samun raket, a bayan adaka, ko a kan kabad, ko a rataye a sito.

Ni kaina ina da guda tara. Na farko na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne. Da aka zo rabon gado ba wanda ya ko dube shi, na roƙi 'yan'uwana suka yafe mini. Huɗu na saya wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai a Kano. Ɗaya na samu wajen wata maƙwabciyata tana kakkaɓe katifa da shi, na ba ta sabon bokiti ta ba ni. Ɗaya kuma daga cikin baron wani yaro ɗan jari-bola na fanshe shi, yana kan hanyar kai shi sikeli. Sauran biyun kyauta ce daga dangi da suka ji ina tarawa. Maigida yakan yi mini ba'a, ya ce ko kulob zan buɗe a tsakar gida. Nakan ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

Gane shekarun raket ba abu ne mai wuya ga mace ba, domin mun riga mun iya irin wannan karatu. In kika shiga ɗakin wata tsohuwa kika ga jerenta, ba sai an gaya miki ba, kin san akushi ya girmi langa, langa ta girmi tangaran, tangaran ya girmi kular zamani. Daga fentin kwalla kaɗai kikan iya cewa ga zamanin da aka yi auren. To, haka raket yake, kowane zamani da yayinsa.

Da farko ki tabbata na tanis ne. Tsawon raket na tanis inci 27 ne, yana da kauri da nauyi. In kika ga mai ƙaramin kai da dogon wuya siriri, mara nauyi, wannan na wani wasa ne dabam, irin badminton ko sikwash.

Na biyu, ki dubi abin da aka yi shi da shi. Muddin na katako ne, to ya tsufa, domin tun cikin shekarun 1980 aka bar yayinsa. Namiji na ƙarshe da ya ci ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na duniya da raket na katako shi ne Yannick Noah, wanda ubansa mutumin Kamaru ne, a gasar Faransa ta 1983. In na ƙarfe ne mai ƙyalli, da waya a nannaɗe a gefen kansa, wataƙila Wilson T2000 ne, wanda ya fito a 1967, Jimmy Connors ya yi suna da shi. In na alminiyam ne mai faffaɗan kai, ki nemi sunan Prince, gama su ne suka kawo yayin babban kai a 1976. Maganaɗisu zai raba miki gardama, yana kama ƙarfe amma ba ya kama alminiyam. In kuwa baƙi ne, mara nauyi, mai kama da roba mai tauri, wannan girafait ne, na shekarun 1980 zuwa yau.

Na uku, in na katako ne, ki juya shi ki dubi gefen kan. Na dā can da sanda guda aka yi su, aka turara ta aka lanƙwasa. Daga farkon shekarun 1930 sai aka koma manna siraran katako bisa juna, in kin duba za ki ga layi-layi kamar gefen littafi. Wanda ya fi suna a irin wannan shi ne Dunlop Maxply, wanda aka yi ta yinsa har shekara hamsin. Da shi Rod Laver ya yi wasa, da shi John McEnroe ya ci Wimbledon a 1981. Na mahaifina ma shi ne. Siffar kan ita ma shaida ce. Na shekarun 1870 kansu a karkace yake, na bayansu samansu a baje, sa'an nan aka zauna a kan siffar ƙwai. Irin waɗancan na farko da wuya a same su a nan ƙasar, amma in Allah ya sa kin gani, kada ki bari ya fita daga gidan.

Na huɗu, ƙota. Kafin shekarun 1930 yawanci ƙotar tsirara take, katako ne zalla da aka yi wa zane don kada ya sulluɓe, wata ma ƙarshenta kamar wutsiyar kifi. Bayan haka ne naɗin fata ya zama ruwan dare. A gefen wuya kuma akan buga wasu haruffa da lamba. L na nufin mara nauyi, M matsakaici, lamba irin 4½ kuwa kaurin ƙotar ce da inci. Na katako yakan kai giram 370 zuwa 400, na yanzu kuwa wajen 300.

Na biyar, rubutu da tambari. Ki goge wuyan da busasshen tsumma ki karanta. Slazenger na Ingila ne, tambarinsu damisa, su ke ba Wimbledon ƙwallo tun 1902. Donnay na ƙasar Beljiyam ne, da shi aka san Bjorn Borg, wanda ya ci Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980. Wilson da Spalding na Amurka ne. Sunan ƙasar da aka buga yana da amfani ƙwarai. Garin Sialkot ya daɗe yana yin kayan wasa masu araha, to in kika ga an rubuta Pakistan, kin san raket ɗin bai riga 1947 ba, domin a shekarar aka kafa ƙasar. Mai sayarwa ya ce miki na zamanin Lugga ne, ki yi murmushi kawai. In kuma akwai hoto ko sa hannun wani ɗan wasa a jiki, kada ki zaci nasa ne na kansa. Kamfani ne ya buga don talla, an yi irinsa dubbai.

Tsirkiya kuwa kada ki dogara da ita. Ta dā da hanjin tumaki ake yi, daga baya na shanu, tana da launin ƙasa-ƙasa, in ta tsufa takan yi zare-zare. Ta roba santsi gare ta da ƙyalli, ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ɗan wasa yakan sake tsirkiya sau da yawa, saboda haka sabuwar tsirkiya ba ta hana raket tsufa, kamar yadda sabon rufi ba ya mai da tsohon ɗaki sabo. In kin tarar da kan raket a maƙale cikin wasu katakai masu kusoshi huɗu, kada ki raba su. Matsewa ce da ke hana shi lanƙwasa, ita ma abin ajiyewa ce.

Yanzu sai maganar kuɗi, domin na san akwai masu jiran ta. Gaskiya ɗaya ce, yawancin raket ɗin da za a samu a gidajenmu ba za su sa kowa ya yi arziki ba, gama an yi su da yawa ƙwarai. Masu tsada wajen masu tarawa a Turai su ne na kafin 1900, da waɗanda aka tabbata wani shahararren ɗan wasa ya riƙe. Amma abin da ɗan jari-bola zai ba ki bai kai kuɗin cefanen yini ba, na katako kuwa ko wake ba zai dafa miki ba in kin sa a murhu. Darajarsa a wani wuri take. Raket ɗin nan shaida ce cewa wani a gidanku ya fita, ya yi karatu ko aiki a wani gari, ya tsaya fili guda da mutanen da dā sai dai a hango su daga nesa. Ku tuna sai a 1957 baƙar fata ta fara cin Wimbledon, watau Althea Gibson ta Amurka, kuma a 1983 ɗan ƙasarmu Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a can. Turawa sun buɗe gidan tarihi na tanis a Wimbledon tun 1977. Mu ma in kin shiga Gidan Makama a Kano, duk abin da kika gani a ciki wani ne ya ƙi jefarwa.

Ga yadda za ki adana shi. Maƙiyansa a ƙasarmu uku ne: gara, da laimar damina mai lanƙwasa katako, da bushewar hunturu mai tsattsaga shi. Kada ki jingina shi da bangon ƙasa, kada ki ajiye shi a ƙasa, kada kuma ki cusa shi dab da rufin kwano inda zafi ke dukansa. Ki naɗe shi da tsohon zane mai tsabta ki sa a kabad, ki riƙa dubawa lokaci-lokaci. Kada ki wanke shi da ruwa, kada ki ba kafinta ya kankare ya sake masa fenti, domin rubutun nan da ya dushe shi ne takardar haihuwarsa. Fatar ƙota in ta bushe, ɗan man kaɗanya kaɗan ya isa. In kuma kayan mamaci ne, a nemi yardar magada tukuna, kada son tarihi ya jawo ɗaukar haƙƙi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin. Raket zai gaya muku kamfaninsa da zamaninsa, amma ba zai gaya muku mai shi ba. Wannan sai a bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ki samu Kaka ko Gwaggo ko Baffa bayan sallar isha'i, ki gaishe su da ladabi, ki tambaya: na wane ne, a wane gari ya yi wasa, da su wa, a wace shekara, saya ya yi ko ba shi aka yi? Ki rubuta amsar a 'yar takarda da kyakkyawan rubutu, ki sa kwanan wata da sunan wanda ya gaya miki, ki ɗaura a ƙotar da zare. In akwai tsohon hoto ko kofi ko takardar shaida, a haɗa su wuri ɗaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma abin da aka rubuta ya fi abin da aka riƙe a ka daɗewa.

Wadda ta duba gidansu ba ta sami raket ba, kada ta ce zancen bai shafe ta ba. Akwai tsohon rediyo, akwai keken ɗinki, akwai dutsen guga na gawayi, akwai tasar Bida, duk hanyar karanta su ɗaya ce: ki dubi abin da aka yi su da shi, ki nemi tambari, ki tambayi manya, ki rubuta. Wadda kuwa ta samu raket ta kasa gane shi, ta kwafo rubutun da ke jikinsa ta aiko wa wannan fili, za mu duba tare.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.