Sunan Da Aka Tura Baya

Mu da ke fama da alƙalami mun san wahalar raɗa wa tauraron labari suna. Ita ce ta kai mu leƙen sunayen Kecuwa, harshen tsohuwar daular Inka, wanda har yau miliyoyin mutane ke yi a tsaunukan Andis na Feru da Bolibiya da Ekwado. Masu shi kan kira shi Runa Simi, wato bakin mutane.

Sunayen nasu ba sai an je wurin malami ya fassara ba. Inti rana ce, Wayra iska, Urpi kurciya, Ch'aska kuwa tauraruwar nan da muke kira Zara. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne Killa, domin yana nufin watan sama da kuma watan lissafi, daidai da namu.

A zamanin Inka ba a gaggawar suna. Sai lokacin yaye ake bikin rutuchikuy, dangi su taru, kowa ya yanki gashin yaron kaɗan ya ajiye kyauta, sannan a raɗa. Mai karatu zai tuna da askin suna, sai dai namu kwana bakwai ne. Namiji kuma in ya balaga a sake masa wani.

Da Turawan Sifen suka shigo a 1532, sai aka riƙa yi wa mutane baftisma da sunayen Kirista, tsoffin sunayen suka koma baya a matsayin sunan dangi. Shi ya sa za ka ji ana kiran mutum Huwan, sai can a ƙarshe Waman, wato shaho, ya biyo. Kispe, dutse mai ƙyalli, shi ne sunan dangin da ya fi yawa a Feru. Amaru kuwa, maciji, ya yi doguwar tafiya: daga sarkin Inka na ƙarshe da aka kashe a Kusko a 1572, zuwa jagoran tawayen 1780, har ya faɗa kan mawaƙin Amurka Tupac Shakur.

Yanzu wasu iyaye can sun fara dawo da Inti da Killa gaba. Mu kuwa a littattafanmu, tauraro Kamal ne, tauraruwa Nabila. Tanko da Gambo da Auta, masu ma'anar da kowane Bahaushe ke ji, su muka bar wa gadi da aiken kasuwa.