Dutse da Fata

Kowa ya san dutsen wasa wuƙa, amma kaɗan ne suka san aikin fata. Mu da muke zaune a Kosodo, kusa da babbar mayankar Wagadugu, kullum muna ganin mahauta da wuƙaƙensu. Na lura waɗanda suka ƙware ba sa ɗauke wuƙa daga dutse su kai ta kan dabba kai tsaye. Sai ta bi ta kan fata tukuna.

Ga dalili. In ka goga wuƙa a dutse, dutsen yana cin ƙarfe, har bakin ya yi siriri ya lanƙwashe gefe guda kamar leɓe. Ido ba ya ganinsa, amma in ka shafa da babban yatsa daga gadon wuƙa zuwa baki, za ka ji yana kama fatarka. Wannan leɓe yana yanka da farko, ka ce wuƙa ta yi kaifi. Kafin ka gama fiɗar tunkiya guda ya karye, wuƙa ta koma dakusasshiya. Fata ce ke cire shi, ta miƙe bakin.

Ka sami jemammiyar fata kamar kamu ɗaya, ka kafe ta a kan katako. Ka kwantar da wuƙa, ka ɗaga bayanta kaɗan kamar yadda ka riƙe ta a dutse. Sa'an nan ka ja ta da baya, gadon yana gaba, kaifin yana biye. In ka tura kaifin gaba, fatar za ka yanka. In ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan gadonta, ka dawo da ɗaya gefen. Sau goma kowane gefe ya isa. Kada ka danne, ɗan'uwana. Samari suna tsammani ƙarfi ne aikin, su danna har fata ta lotse ta naɗe bakin, su dakusar da abin da suka wasa.

Wanzaman tsohon Zango, wanda aka rushe a 2003, su ne gwanaye. A tafin hannu ma sukan shafa aska kafin su taɓa kan jariri ran suna. Yanzu saboda ciwon sida reza ake saye, kowa da tasa, a jefar. Wannan daidai ne, ba na kukansa. Amma mahauci ba shi da wuƙar jefarwa.

Ran Kirsimati mukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka mana rago, domin kowa ya ci. Nakan duba wuƙarsa kafin in duba ragon. Wadda ta bi fata, ja ɗaya take yi, dabba ta huta. Wadda ba ta bi ba sai an yi ta kai da komo, rago yana shure-shure, yara suna kallo. Wajen fiɗa kuma sai an tura ta da ƙarfi, ta huda fatar, majemi ya rage kuɗi.