Dasashi a Fili: Halitta ko Ciwo?

Mu Hausawan zango, jikokin fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, mun gaji wata al'ada ta ƙawata baki. Kakanninmu mata a Salaga da Yendi sukan ci goro su goge haƙora da fure har su yi jawur, a ce ado ya kammala. Wushirya abin yabo ce a wurinmu, haƙorin Makka kuwa shaidar an sauke farali. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 mutanenmu sun watsu zuwa garuruwa, amma wannan ma'aunin kyau bai watse ba.

Yau ma'aunin ya koma cikin waya. A gidajen biki, daga Nalerigu har Bawku, muna ganin 'yan matanmu suna kai gefen mayafi baki idan dariya ta zo, wai dasashinsu ya cika fitowa. Abin da iyayenmu suka ɗauka halitta ce, hotunan Facebook sun mai da shi abin kunya.

Likitocin haƙori sukan ce dasashi ya fito da yawa idan abin da ake gani yayin murmushi ya wuce milimita 3 zuwa 4. Dalilan sun bambanta, gyaran ma haka. Wanda dasashi ya rufe masa saman haƙora, akan rage naman da ƙaramar tiyata. Wanda leɓensa na sama ke ɗagawa fiye da kima, akan yi masa allurar Botox, amma ƙarfinta kan gushe cikin wata 3 zuwa 6, sai a sake biya; ko kuma a yi masa ɗinki ta ciki a sauko da leɓen. Idan ƙashin muƙamuƙin sama ne ya yi tsawo, sai babbar tiyata, galibi haɗe da wayar gyaran haƙora.

Ga mu mazauna arewa, hanyar tana da nisa. Asibitin Baptist na Nalerigu da Asibitin Koyarwa na Tamale su ne madogararmu, makarantun da suka daɗe suna yaye likitocin haƙori kuwa suna Ankara da Kumasi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, tana ɗaukar cirar haƙori da cike rami, amma ba ta biyan aikin kwalliya. A irin wannan giɓin ne marasa ilimin aikin ke samun kasuwa, a je gyaran gira a rasa ido.

Akwai abin da ya fi kwalliya muhimmanci. Dasashin da ya kumbura daga baya, yana jini idan an yi asuwaki, ciwo ne. Dattin da ya daskare a gindin haƙori yana jawo shi, haka ma wasu magungunan hawan jini kamar amlodipine da na farfaɗiya kamar phenytoin. Mai irin wannan ya ga likita, kada kuma ya daina shan maganinsa da kansa.

Malamanmu sun bambanta gusar da lahani da canza halitta don ado kawai. Wadda abin ya dame ta har ya hana ta sakewa cikin mutane, ta nemi ƙwararre, ba za mu zarge ta ba. Amma nauyin farko yana kanmu, mu da ke tsokanar yara da sunayen banza har su koyi ɓoye dariyarsu. Mu fara gyara harshenmu kafin mu tura su gyaran dasashi.