Abin da na sha a Damagaram

Kowane gari da abin shansa. Matafiyin ƙasar Turai in ya sauka wani gari, yakan tambayi giyar da ƴan garin ke dafawa. Mu kuwa Hausawa, fura muke tambaya. In kana son ka san gari, to, ka sha furarsa. Cikin ƙwarya guda za ka gane geronsu, da nononsu, har da ruwan da suke sha.

Damagaram babban gari ne a gabashin ƙasar Nijar. A takarda ana rubuta Zinder, amma a baki Damagaram muke cewa. Daga Kano zuwa can bai kai kilomita 250 ba. Daga Yamai kuwa tafiya ce mai nisa, wajen kilomita 900. Na je can da bazara, lokacin da rana ke dukan mutum kamar da sanda. Na yi kwana biyar. Mai masaukina madinki ne, shi ya zagaya da ni.

Garin yana da tsofaffin unguwanni biyu, Birni da Zango. A Birni fadar Sarkin Damagaram take. Lungunan ƙanana ne, gidajen na ƙasa ne, wasu da zane a jikin bango. Ga manyan duwatsu ko'ina, wani kan wani, kamar hannu ne ya jera su. Sarki Tanimun shi ya ƙarfafa garin. Ya kewaye shi da ganuwa, ya tara bindigogi, har igwa ya sa aka ƙera. Ya rasu a 1884. Yau ganuwar ta zube, sai ɗan guntu nan da can.

A wani lungu kusa da fada na fara shan fura. Wata dattijuwa ce ke damawa a zaure. Na gaishe ta, na ce, "Inna, a dama mini ta baƙo." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ta baƙo da ta ɗan gari duk ludayi ɗaya ne."

Na zauna ina kallon aikinta, ina yi mata tambaya. Kai mai karatu ka san fura, amma ko ka taɓa ƙirga wahalarta? A surfa gero, a wanke, a daka. A zuba citta da kanumfari da ɗan barkono. A cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ta dahu a mai da ita turmi a kirɓa, a sake curawa, a barbaɗe da gari. Sannan fa a zo ga damu. Ita Inna tun asuba take tashi. Nonon kuwa Fulani ke kawo mata daga ƙauye. Furarta tana da yaji, tana da laushi, ba tsaki ko kaɗan. Ruwan ta ɗebo shi daga randa, da sanyinsa. Ta ce randar daga Mirya ta zo, wani gari kusa da Damagaram wanda ya yi suna wajen ginin tukwane. Na shanye ƙwaryar tas, na ce a ƙara.

Kashegari muka nufi Zango. Can ne ayarin raƙuma ke sauka a zamanin da. Buzaye da Larabawa suna zuwa daga arewa da gishiri da dabino da tufafi, su koma da gero da fatu. Kada mu ɓoye, har bayi an sayar a wannan hanya. A Zango aka ba ni tukuɗi. Gero ne ake dakawa tare da dabino da cuku. Sai a dama da ruwa ko da nono. Abin matafiya ne, don yana daɗewa bai lalace ba. Yana da zaƙi, yana kuma riƙe ciki. Na sha da hantsi, ban nemi abinci ba sai bayan la'asar. A ganina tukuɗi ya fi fura daɗi, amma ba kullum aljihu ke iya ɗaukarsa ba. Dabino da cuku ba su da araha.

Na sha zoɓo, na sha ruwan tsamiya a bakin Kasuwar Dole. Waɗannan a leda ake ƙulla su, da ƙanƙara. Suna kashe ƙishi, ba laifi. Sai dai ledar, da an sha sai a yar, iska ta kwashe ta rataya a ƙaya.

Tsakanin Birni da Zango akwai barikin soja bisa duwatsu. Nasara suka gina shi. Ga yadda abin ya faru. A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju ya zo Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Aka kashe shi a garin. A 1899 sojan Faransa suka zo da ƙarfi. Aka gwabza a Tirmini, yamma da gari, suka ci Damagaram. Sarki Ahmadu ma aka kashe shi a shekarar nan. Suka kafa bariki, suka sa masa sunan Kazamaju. A 1911 suka mai da Damagaram babban birnin ƙasar da suke mulki. Suka gina ofisoshi da gidajen kwamanda. Wasu na nan tsaye har yanzu.

Amma ba su daɗe ba. A 1926 suka kwashe mulki suka kai Yamai, bakin kogi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwa. Damagaram bisa dutse take zaune. In an haƙa rijiya, ba a nisa sai a ci karo da fā. Ka ji fa, Nasara da bindigarsa ya ci gari, amma ƙishirwa ta tashe shi.

Wannan magana ta ruwa ba ta ƙare ba. Ruwan famfon garin daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, daga baya kuma aka ƙara da Ganaram a arewa. Gari yana ta girma, bakuna suna ta yawa. A kwanakin da na yi, na ga jarkoki a jere bakin famfo tun kafin gari ya waye. Na ga ƴan garuwa suna tura baro, gumi na zuba. Na ga yara da jakuna sun fita neman ruwa, lokacin da ya kamata suna lakwal.

Da na koma wajen Inna ran kwana na huɗu, na tambaye ta yadda take yi. Ta ce ran da famfo ya ɗauke, sayen ruwa take yi. Ruwan wanke gero, ruwan dafuwa, ruwan damu, ruwan wanke ƙore, duk da kuɗi. Ribar ranar sai ta tafi wajen ɗan garuwa. Na ce, "To, Inna, ba ruwan tabki?" Ta ɓata rai. Ta ce ruwan tabki na gini ne da dabbobi, ba ta ba ɗan mutum shi. Ta ce in ba ta yarda da ruwa ba, sai ta tafasa shi, ta bari ya huce, ta tace da tsumma mai tsabta. In itace ya gagara, ran nan ba ta dama fura ke nan. Gara ta rasa ciniki da a ce yaro ya sha furarta ya kwana yana gudawa.

Ran Alhamis, ranar babbar kasuwa, na sayi kayan tsaraba. Na sayi takalmin fata, don Damagaram gwanayen dukanci ne. Na sayi tukuɗi ƙulli biyu, da tulu ɗaya na Mirya. Yaran mota suka ce tulun zai fashe a hanya. Na naɗe shi da rawanina, na rungume shi bisa cinya har gida.