Santorini: Tsibirin Da Ake Noman Inabi Ba Ruwa

Duk wanda ya tashi daga Atina cikin jirgin ruwa ya nufi kudu maso gabas, idan ya hango Santorini sai ya yi tsammani ba abin da zai tsiro a kanta. Tsibiri ne na toka da baƙin dutse a tekun ƙasar Girka, wanda aman wutar dutse ta yi wa kaca-kaca wajen shekara 3,600 da suka wuce. Ba kogi, ruwan sama kuwa bai kai milimita 400 a shekara ba. Amma duk da haka nan ne ake yin farar giyar inabin da Girkawa suka fi alfahari da ita.

Mai karatu zai ce, to, ta yaya? Asirin yana hannun manoma. Maimakon su ɗora inabi a kan karaga, sai su riƙa naɗe rassansa a ƙasa, su yi masa siffar gammo. 'Ya'yan sukan nuna a cikin gammon, ganye ya kāre su daga rana da iskar arewa mai ƙarfi da ke kaɗawa lokacin zafi. Da dare hazon teku yakan sauko, tsakuwar wurin mai ramuka kamar soso ta tsotse raɓar, saiwa ta sha. Haka kuma ƙwaron nan da ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarni na 19 bai iya zama cikin wannan toka ba, saboda haka akwai saiwoyin da suka haura shekara 100.

Irin farin inabin da ya fi yawa shi ne Assyrtiko, sai Athiri da Aidani. A watan Agusta ake tsinkarsa. Giyarsa tana da tsami irin na lemo da ɗan gishiri-gishiri, shi ya sa mutanen tsibirin suke haɗa ta da gasasshen kifi da sauran naman teku, don tsamin yana yanke maiƙo. Akwai kuma fava, wato wani wake rawaya da ake dafawa har ya narke, a zuba masa man zaitun da albasa. Sai ƙosan tumatir, wanda ake kwaɓawa da gari da na'ana'a a soya. Baƙon da addininsa ya hana shi giya ba zai kwana da yunwa ba, domin waɗannan abinci ba su rasa komi da lemon tsami da ruwan sanyi.

Sai dai fa wannan gado yana cikin haɗari. Miliyoyin masu yawon buɗe ido suna zuwa kowace shekara, kuma mai gona ya gane cewa ɗakin haya ya fi inabi kawo kuɗi. Gonaki suna ta zama otal-otal, samari kuma suna gudun aikin durƙuso. Ga fari da zafi da suka rage amfanin gona ƙwarai a 2023 da 2024. Tun 1971 doka ta kāre sunan giyar Santorini, amma doka ba ta iya naɗe gammo. In tsofaffin da suka iya suka ƙare ba magada, to, baƙi za su iske farin gini da shuɗin teku, amma gonakin da suka ciyar da tsibirin sai a labari.