Ɗarinmu na Fari a Kankia

Shekara goma sha ɗaya muka yi a Fatakwal, can kusa da teku, inda mutum yakan kwanta da gumi ya tashi da gumi. A can aka haifi yaranmu uku. Ba su taɓa rufa da bargo ba. A watan Nuwamba na shekara ta 2018 aiki ya kawo mu Kankia, a kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 kafin a shiga birnin Katsina. Mu iyayen 'yan arewa ne, muna tsammani mun san ɗari. Ashe jiki yakan manta.

Mun iso ana kan yankan dawa. Amalanken shanu suna ta jigilar kara daga gona, kowa yana gyaran dangarsa, yana tara itace a bayan ɗaki. Muka ga abin kamar aikin kaka ne kawai. Ba mu gane shiri ake yi ba.

Wajen tsakiyar Disamba muka tashi wata safiya muka tarar gari ya yi fari fat. Itacen da ke ƙofar gida da ƙyar muke hango shi. Rana ta fito kamar farin faifai, kana dubanta da ido ba ta kashe maka shi. Ƙaramarmu ta tambaya ko gobara ake yi a wani wuri. Muka ce mata hazo ne. Yawancin ƙurar nan daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda a zamanin da akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ita ke kwaso ta, ta bi ta kanmu har teku, wata ma har Amurka ta Kudu. Iskar busasshiya ce ƙwarai, saboda haka da rana ta faɗi sai zafin da ƙasa ta sha ya tsere. Ɗan ma'aunin da muka rataya a shirayi yakan nuna digiri 29 da azahar, da asuba kuwa 12. A Fatakwal da wuya dare ya sauko ƙasa da 20.

Gidan da muka kama haya ginin bulo ne, rufin kwano, ba silin. Ran da muka fara ganinsa murna muka yi, muna cewa mun sami gidan zamani. To, kwano ba ya riƙon amana. Da rana ya gasa ka, da dare ya sake ka. Leɓunan yara suka tsage, ƙafafu suka yi faso, babban ya fara haɓo, tari kuwa ya bi ɗaki ɗaki. Wanka da safe ya zama rigima kullum.

Daren da ba za mu manta ba shi ne kwana uku kafin Kirsimeti. Sanyi ya yi tsanani, yara suna ta kuka. Muka hura gawayi a kasko, muka shigar da shi ɗakin kwana, muka rufe ƙofa, muka toshe taga da tsumma. Ɗaki ya yi ɗumi, kowa ya yi barci. Can cikin dare uwargida ta farka da ciwon kai kamar ana sara, ta miƙe jiri ya kwashe ta. Ta taɓa ƙaramar yarinya, sai ta ji jikinta ya saki. Da rarrafe ta kai ga ƙofa ta buɗe. Ihunta ya tashi maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke kira Iya, ita ta sa 'ya'yanta suka fito da mu tsakar gida, aka kai yarinyar asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta. Ma'aikacin da ya duba ta ya bayyana mana cewa gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yakan fid da wata iska mai dafi, ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai. Masu karatu, in sanyi ya matsa muku, ku ɗumama ɗaki tun da wuri, ku fid da kaskon waje kafin ku kwanta, ku bar kafar da iska za ta shiga.

Iya ba ta yi mana faɗa ba sai da yarinya ta warke. Sa'an nan ta dubi uwargida ta ce, “'Yar nan, mi ya hana ki tambaya? Ga ni nan, katanga ɗaya.” Ba mu da amsa.

Bayan sabuwar shekara ta ce mu raka ta garinsu, wani ƙauye a ƙasar Kusada, kudu maso gabas da Kankia, wajen iyakar Jihar Kano. Mun isa da magariba. A ƙofar gida maza sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, kowa ya naɗe kai da kunnuwa, hira tana ta gudana. Aka ba mu ɗakin ƙasa mai rufin azara. Muna shiga muka ji kamar an rungume mu, alhali ba wuta a ciki. Bangon ya yi kauri, ya wuni yana shan rana, da dare yana sakin ɗumin a hankali. A ɗakin yayar Iya muka ga gadon ƙasa irin na da, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi da yamma domin gadon ya ɗauki zafi. Tsohuwar ta ce samari yanzu duk kwano suke so, ita kam sai dai a fid da gawarta daga nan. A ganinmu tana da gaskiya, ko da yake ba ita ke yaɓen rufin kowace shekara kafin damina ba.

Kwana biyu muka yi, muka koyi abin da wata guda bai koya mana ba. Ba a yi wa yaro wanka da asuba, sai rana ta yi sama, da ruwan ɗumi, a shafe shi da man kaɗanya tun jikin bai bushe ba. A sa ɗan man a bakin hanci saboda haɓo. Kunu mai zafi kafin a fita. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi babba guda ɗaya, gama da hantsi za a so a rage. Mutanen nan kuma ba sa zagin ɗari yadda muke yi. Wani manomi ya nuna mana fadamarsa ta albasa da tumatir, ya ce shekarar da sanyi bai kama sosai ba, masu noman rani su ke kuka.

A wannan lokaci ƙanen maigida yana karatu a Winifeg, cikin ƙasar Kanada, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa wata huɗu ko fiye, daren Janairu kuma yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Muka kira shi muna kukan sanyi, ya yi ta dariya. Amma daga baya ya ce shi a cikin ɗaki singileti yake sawa, gama an gina gidajensu domin sanyi, akwai na'urar ɗumama su. Wahalarsa a waje take, tamu kuwa har kan gado. Ya ce shi ma shekararsa ta fari da takalmin da ya je da shi daga gida ya fita, ya sulɓe ya faɗi sau biyu kafin wata maƙwabciya ta gaya masa irin wanda zai saya. Can ma akan rasa rayuka in mutane suka kunna janareta ko gawayi a cikin gida lokacin da wuta ta ɗauke.

Da Nuwamba ta 2019 ta kewayo, mun sa an yi wa ɗakin kwana silin, mun sayi rigunan sanyi wurin masu gwanjo tun ba su yi tsada ba. Wata da muka saya wa babban yaro, a aljihunta muka sami safar hannu ta yara, guda ɗaya, ja. Ƙaramar ta karɓe ta. Da ita ta riƙa ɗaukar kwanon koko mai zafi daga gidan Iya kowace safiya, ɗaya hannun kuma a hammata.