Daga Sokode zuwa Dapaong: Jan Tauraron Hunturu

Jama'a, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A hutun watan Disamba muka tashi daga zangon Sokode da sassafe, muka kama babbar hanyar arewa zuwa Dapaong, tafiyar kusan kilomita 300. Muka ratsa tsagaggen dutsen Alejo, muka wuce Bafilo da Kara da Kante, muka ƙetare kogin Oti a Sansanne Mango, garin da fataken goro suka sha yada zango a kan hanyarsu ta Gwanja.

A wani ƙauye bayan Dapaong muka sauka, inda babu fitilun titi. Ran nan hazo ya yi sauƙi. Bayan sallar lisha muka baje tabarma, muka fuskanci gabas. Can sama ga Kaza da 'Ya'yanta. Ƙasa da su ga taurari uku a jere, daga hagunsu kuma ga wani ja kamar garwashi. Shi ne Turawa ke kira Betaljus, sunan da suka aro daga Larabci, Yadul Jauza.

Masana sun ce haskensa kan yi fiye da shekara 500 kafin ya iso idonmu. Ke nan hasken da muka gani ya baro gida tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 da ƙarnuka. Girmansa kuwa, da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya haɗiye duniyarmu har da Mirrihu. Jan nan nasa alamar tsufa ce: ya kumbura, fuskarsa ta huce zuwa wajen digiri 3,300, alhali ta rana tana wajen 5,500. A ƙarshen 2019 ya dushe ƙwarai har aka zaci fashewa zai yi. Ashe ƙura ya fesa ta rufe shi, wato nasa hazon. Kafin tsakiyar 2020 ya dawo da haskensa. Fashewar tana nan tafe, amma ana hasashen tana iya ɗaukar shekara 100,000.

Abin da ya sosa mana rai shi ne yaran da muka zo da su. Cikinsu babu wanda ya iya nuna Kaza, balle Gamzaki. Wani dattijo da ke wurin ya girgiza kai ya ce, "Malam, mu da sama muke sanin lokacin tashi da na shuka. 'Ya'yanku kuwa ƙasa suke kallo."

Gaskiya ya faɗa. A Sokode lantarki ya rufe mana sama, waya ta rufe wa yara ido. Mu tsiraru ne a ƙasar nan. Sunan da muka daina faɗa da Hausa, babu mai adana mana shi.

Saboda haka iyaye, kafin hunturu ya wuce, a fita da yara bayan gari dare ɗaya, a tafi da kaka ko kakan da ya san sunayen. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.